Fankokin Kawu Sau

Nhung ta tsuguna a bakin kududdufi da kwamfuta a cinya, wari na hawa mata kai. Jatan landen Kawu Sau, kiwon wata huɗu, sun mutu sun taso saman ruwa fari fat. Fankokin da ke kaɗa musu iska suna tsaye cik tun asuba.

Kawu Sau ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Ita ce kuma ta taso daga birnin Saigon da ɗokinta ta ɗora masa a waya manhajar kamfaninsu mai sarrafa fankokin, wadda ta kwashe da hannunta daga tsohon harshen kwamfuta zuwa sabo.

"Ni ne, 'yar nan," in ji shi, yana kwasar matattun da kwando. "Jiya na lallatsa wayar da yatsun nan nawa kamar rogo. Wa ya aike ni?"

Ita kuwa ta riga ta gano inda matsalar take. Sashen manhajar da ke kunna fanka gadon iyaye biyu ya ci, ɗaya mai gadin iskar ruwa, ɗaya mai tsimin lantarki, kowanne da umarni mai suna iri ɗaya. A tsohon harshen wanda aka fara ambata ake bi, wato mai gadin iska. Sabon kuwa uba ɗaya tak ya yarda da shi, sai Nhung ta bar mai tsimin a uba, ta mayar da mai gadin ɗan rakiya. Ashe in suka yi karo maganar uban ake ɗauka, ba ko gargaɗi. Iska ta ƙare a ruwa, manhaja ta zauna tana tsimin wuta, 'yar albarka.

Ta kira shugabanta, Tuan.

"Gyara ki tura, shiru-shiru," ya ce. "Kududdufi arba'in ke kan manhajar nan. Tsohon ya ce shi ne? To, bar shi a shi ne."

Kawu Sau ya matso, ya rage murya. "Kada ki faɗa a ofis, su ce danginki ƙauyawa ne, su raina ki."

Kunya ta kama ta. Layi uku kacal na gyara ta rubuta, ta latsa.

"Kawu," ta ce, "ba kai ba ne..."

Fankoki goma sha biyu suka tashi lokaci ɗaya da ruri, suna feshin ruwa, suna juya matattun jatan lande. Fuskar tsohon ta cika da alfahari da ita.

"Kin gani! Taɓawa ɗaya!" ya ɗaga murya. "Me kika ce?"

Ta dubi kwandon da ke hannunsa.

"Na ce kawo in taya ka."