Waken Likita

Shekara uku ke nan da Likita Brantley, mai cirar haƙori a Birmingham, ya sayi dajin da ke jikin gonata. Ya zo da mota mai sheƙi da takalmin da bai taɓa shiga taɓo ba, wai shi mafarauci ne. Na dubi hannunsa, lumus kamar na jariri, na ce to.

Wani ƙaton namijin barewa ne ya hana shi sukuni, mai ƙaho reshe goma sha biyu, wanda kyamarar da ya ɗaure a bishiya ta ɗauko. Har suna ya raɗa masa, wai Janar. A coci, a gidan mai, a shagon aski, babu inda bai rantse ba cewa kan Janar zai rataya a bangon ofishinsa. Ƙusar ma ya riga ya kafa.

Kowa a nan yana shuka wa bareyi ɗan abinci don ya jawo su, 'yar eka guda a bakin kurmi. Shi ma haka ya yi shekara biyu, sannan ya raina eka guda. A shekara ta uku ya ɗauko katafila ya baje kurmin ƙayar da ke bayan filinsa kaf, ya shuka wake da bazara, alkama da sanyi, eka ashirin cur. A tsakiya ya kafa rumfar harbi a kan dogayen dirkoki, mai kafet da na'urar ɗumama ɗaki.

Na ce, "Likita, kurmin nan da ka share, ai nan suke kwana."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Haba Baba Odell, wannan ilimin zamanin kakanni ne. Ciki ke jan dabba. Na karanta!"

Ya karanta! Ka cika wa baƙo akushi ka rushe masa ɗaki, sannan ka ce ya zauna?

Bareyin suka ci waken kuwa, suka yi ɓul-ɓul. Sai dai babu mai taka wannan fili tsirara da rana. Da duhu suke ci, kafin gari ya waye sun tsallake shinge sun shige surƙuƙin bayan gidana, wanda Likita ke cewa kasala ce ta hana ni sharewa. Shi kuwa yana can sama yana kurɓar kofi, iska na kai musu ƙamshin turarensa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Wata safiyar Janairu matata Lurleen, mai shekara saba'in, ta fita da tsohuwar bindigar ubanta ta zauna kan bokiti a bakin surƙuƙin. Harbi ɗaya na ji.

Likita ya iso a guje, ya tarar da Janar rataye a bishiyar gaban gida. Ya ƙirga rassan ƙahon da yatsa.

"Nawa ne! Shekara uku ina ciyar da shi!"

Lurleen ba ta ko ajiye wuƙa ba. Ta yanko kitse fari fat ta ɗaga masa.

"Ai ga shaida nan, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka, ban taɓa feɗe mai maiƙo irinsa ba." Ta naɗe hanta a jarida ta miƙa masa. "Ungo, ladan noma. Baɗi ka ƙara waken."

Ƙahon yana barandarmu yanzu, a nan nake rataye hulata.