Ƙusar Ribas

Karo na uku ke nan Baba yana sa motar a ribas, karo na uku kuma 'yar tirelar da ke ɗauke da jirgin ruwa tana kafewa wuri guda ta ce ba ta san zancen ba. Tayoyinta biyu suka daskare suna kuka a kan siminti, motar na gurnani, jirgin na girgiza a sama kamar ana yi masa cakulkuli. Abin da ya rage tsakaninsu da ruwa bai fi taku talatin ba: ɗan tudu da za a hau da baya, sai gangarar da ake sauke jirage cikin tafki. Tudun ma ba wani tudun a zo a gani ba ne, tsohuwa mai sanda za ta haye shi ba tare da ta huta ba.

Sufeto na tsaye a gefe, rungume da jakarta. Ita ce babbar 'yarsa, a kantin magani take aiki, kuma shi ya laƙa mata sunan tun tana shekara bakwai, ranar da ta kama shi yana zuba sukari cokali huɗu a shayi ta kai ƙara wurin Mama. Sunan ya bi ta har gidan aure, ita kuma ta riƙe muƙamin hannu bibbiyu.

"Baba, ka ɗan huta tukuna," ta ce.

"Na ce miki na gaji ne?" Ya leƙo ta taga, gumi na bin gefen hularsa. "Ki matsa daga nan, kina tare mini madubi."

Ba ta kusa da madubin, amma ta matsa.

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana jan manyan motoci. Abokan aikinsa Sarkin Ribas suke kiransa, domin ya taɓa shigar da tankar mai da baya cikin wani lungu da mai keke ma sai ya sauka ya tura. An ji labarin nan a gidan ya fi sau ɗari, kuma duk lokacin da aka ba da shi lungun ƙara matsewa yake yi. To, wata shida da suka wuce likita ya duba shi ya ce idon hagu ya tafi hutu, na dama kuma yana haɗa kaya. Tun ranar Sufeto ta sa shi gaba a kan ya miƙa makullin mota. Sau biyu yana goge ƙofar gida da gefen mota, sau biyun kuma ya ce ƙofar ce ta karkace.

Wani uban, in 'ya'ya suka ce ya ajiye tuƙi, kujerar hutawa zai saya. Baba jirgin ruwa ya sayo, ɗan ƙarami na hannu, mai inji, har da tirelarsa. Kuma shi da bakinsa ya gindaya sharaɗi ana cikin cin abinci.

"Ranar Asabar zan ja shi zuwa tafki, in sauke shi a ruwa da baya. In na kasa, ga makulli, ki rataya a wuya. In na iya, kada in sake jin maganar nan sai shekara ta zagayo. Uwarki ce shaida."

Mama ta ce ta shaida, ta ci gaba da cin abincinta.

Abin da Baba bai sani ba shi ne wanda yake damun Sufeto yanzu. Wanda ya sayar da tirelar ya faɗa tun farko cewa birkinta ya daɗe da mutuwa. Baba ya ce madalla, ƙaramar aba irin wannan ƙafarsa ta ishe ta birki, ya shafe mako biyu yana gwada ribas a tsakar gida har yana zagaye tukunyar fure. Sufeto kuwa barci ya ƙaurace mata, tana ta hango jirgi yana ingiza mota a gangaren titi. Ranar Alhamis, da Mama ta raka shi asibiti, ta kira bakanike har gida.

Bakaniken ya canza man birki, ya fitar da iska daga bututu, ya ɗaure abin da ya kwance, sannan ya tsuguna ya yi mata bayani. Wannan birkin, in ji shi, ba waya gare shi ba, ba kuma abin takawa. In mota ta rage gudu, tirelar ce ke tunkuɗo ta daga baya, wuyan tirelar ya shige ciki, shi ya matse birkin. "Amma fa in za a yi ribas, musamman a hawa, motar ce ke tura ta. Ita ba ta san bambanci ba, sai ta kama birki. Ga wannan ƙusa. A zura ta a ramin nan kafin ribas, a zare kafin a hau titi." Lokacin Sufeto na kan waya da kantinsu, ana neman wani magani an rasa. Ta ce to, to, ta jefa ƙusar a jaka.

Ba ta sake tuna ta ba sai ɗazu, a gwaji na biyu, da ta sa hannu neman hankici ta taɓo ƙarfe mai sanyi.

Yanzu motoci uku ne a layi bayansu, kowace da jirginta, kuma masu ba da shawara sun fara taruwa. Mai gadin wurin ya ce tayar ce ba iska. Wani mai kamun kifi ya ce a'a, ai jirgin ne ya yi nauyi ta gefe ɗaya. Baba ya fito, ya zagaya tirelar, ya leƙa ƙarƙashi ko dutse ne ya tokare, ya harbi taya da ƙafa. Ya koma ya ja gaba, tirelar ta biyo shi salin alin kamar ba ita ba.

Mama ta leƙo daga kujerar gaba, kofin shayi a hannu. "Malam, ko dai jirgin ne bai iya ruwa ba, yake jin tsoro?"

Aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Sai wani mai faffaɗar hula ya sauko daga motar da ke baya, ya zo cikin ladabi har da rusunawa. "Baba, ko in karɓa maka? Abin nan sai da sabo."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Baba ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce, "Yaro, lokacin da na fara ribas, kai ko rarrafen gaba ba ka fara ba." Ya ɗaga gilashi.

Sufeto ta ƙara matse jakar. Lissafin a fili yake. In ta yi shiru na minti biyar kawai, makulli ya zo hannunta, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya, don ba wanda ya tambaye ta komai. Ta tuna hanyar makarantar da ke kusa da gidansu, yadda ake tashi tsakar rana titi ya cika. Ta gaya wa kanta ai don shi take yi, kuma gaskiya ne. Sai dai gaskiyar ba ta hana ƙusar yi mata nauyi a jaka ba.

Baba ya sake gwadawa. Wannan karon ya ba ta wuta sosai, har motar ta ɗaga murya, tayoyin tirelar suka ja baƙin layi a siminti tsawon taku ɗaya suka tsaya. Warin ƙuna ya tashi. Ya kashe injin.

Ya daɗe zaune, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Da ya sauke gilashi ya yi magana, da Mama yake yi, a hankali, amma Sufeto ta ji.

"Ban gane ba. Hannuna daidai, ƙafata daidai. Ido na san ya tafi, amma na ɗauka ribas ɗin dai yana nan. Ashe shi ma ya bi shi."

Ya zare makullin, ya miƙo ta taga ba tare da ya dube ta ba. "Zo ki karɓa, Sufeto. Magana ɗaya nake yi."

Wata shida tana jiran wannan hannu ya miƙo, kuma a tunaninta ranar za ta yi ajiyar zuciya ta yi barci mai daɗi. Ga shi ya miƙo, ita kuwa kunya ce ta rufe ta, irin ta wanda ya ci gasa alhali ya san shi ya ɗaure wa abokin tserensa ƙafa. Tausayinsa ya kama ta.

"Baba, ba kai ba ne," ta ce. "Ni ce. Na sa an gyara birkin tirelar."

Ya juyo a hankali. "Wace tirelar?"

"Wannan."

"Tawa?"

"Ranar Alhamis."

"Wato kin shiga garejina. Da wane makulli?"

Mama ta duƙufa kallon cikin kofinta, kamar an rubuta mata wasiƙa a ƙasan shayin.

Sufeto ta ciro ƙusar ta maimaita bayanin bakanike, tana tuntuɓe a wasu wuraren. Ta shirya wa faɗa, har ta sunkuyar da kai tana jira. Amma da ta kai wurin tunkuɗa da wuyan da ke shigewa ciki, sai ta ga Baba ya buɗe ƙofa ya fito, fuskarsa ta canza.

"Tsaya. Kina nufin nauyinta ne da kansa yake taka mata birki?" Ya je ya dafa wuyan tirelar ya girgiza. "Lallai wanda ya ƙera wannan yana da kai. Shi ya sa ɗazu a gangaren asibiti na ji motar ta tsaya cak kamar an riƙe mata riga. Ni har na yaba wa ƙafata."

Ya juya wurin jama'a, murya ta dawo. "Kun ji ko? Ba taya ba ce, ba nauyi ba ne. Zagon ƙasa aka yi mini daga cikin gida."

Mai gadi ya ce shi dama ya yi zargin haka.

"Ga ramin nan, Baba," in ji Sufeto, tana nuna masa da yatsa. "Kawo in saka."

"Ba ni nan. Kin yi aikinki, ya isa."

Ya tsuguna da ƙusar. Ya kai ta gefen ramin, ta daki ƙarfe. Ya sake kai ta, ta zame sama. Ramin ga shi nan a fili, rana na haska shi, Sufeto na ganinsa daga inda take tsaye. Baba ya bar kallon, ya sa babban yatsa yana shafa ƙarfen a hankali har yatsan ya faɗa ramin, sannan ya bi shi da ƙusar. Ta shige, ta yi ƙaras. Ba wanda ya lura sai ita.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, gwiwar ɗayan a kan taga, Baba ya hau ɗan tudun da baya kamar yana shiga ɗakinsa. Tirelar ta gangara tsakiyar siminti, ba ta karkata ko da faɗin tafin hannu ba, ruwa ya rufe tayoyinta, jirgin ya ɗaga ya fara lilo. Mai kamun kifi ya tafa. Mai faffaɗar hula ya cire hular ya riƙe a ƙirji. Mama ta ce, "To, ashe ya iya ruwan."

Suka ɗaure jirgin a bakin gadar da jirage ke tsayawa, Baba ya fitar da motar ya ajiye ta ƙarƙashin bishiya. Sufeto ta tsaya tana kallonsa yana tahowa, tana lissafa shekara guda cur ta yin shiru, da ƙofar gida, da titin makaranta. Ta yi alkawari, kuma za ta cika, ko da za ta riƙa cizon harshe kullum.

"Ka ci, Baba," ta ce. "Ba za ka sake ji daga bakina ba."

"Na ci mana. Ki tabbata ƙannenki sun ji labarin, kuma ki ce musu tudun ya kai tsayin bene."

Ya kamo hannunta, ya sa mata makullin a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

"Baba, ai sharaɗin..."

"Sharaɗi na cika shi." Ya rage murya yadda Mama ba za ta ji ba. "Ramin nan da kika nuna mini, ban gan shi ba. Lalube na yi. Ribas ɗin ma rabinsa da ka na yi shi. A titi kuwa ba a laluben mutane."

Makullin na da ɗumi, ta tsaya riƙe da shi, ta kasa sa shi a jaka.

Baba ya riga ya juya ya nufi gada, yana gyara zaman hula. "Jirgin dai ni zan tuƙa, ruwa da faɗi. Ke kuma direba, kafin ki hau titi da mu, ki zare ƙusar nan. In kin manta, ba ki da birki."