Marin da Ba a Ramawa

Duk shekara idan aka gama haƙar dankali, ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan masana'antar sukari takan ɗauki hayar bas mu fita yawon yini guda. Bana gidajen yaƙin barade aka zaɓa, masu farar alkyabba da baƙin gicciye, waɗanda suka bar mana jajayen ganuwoyinsu a bakin kogi. Pan Edmund, kamar a ce Malam Edmund, shi ya zaɓa. Shi ne shugaban aikinmu a da, kuma ko da yake an rufe masana'antar tuntuni, har yanzu in ya yi gyaran murya sai mu yi shiru.

Ana saura 'yan kwanaki Teofil ya same ni a lambuna ina tsinke wake. Teofil a ɗakin tukunyar tururi ya ƙare ƙuruciyarsa. Dogo ne, mai sanƙo, mai manyan hannuwa, ga in'ina. In magana ta sarƙe masa, haƙoransa kan yi ta kaɗawa kamar murfin tukunya a kan wuta, shi ya sa aka sa masa Murfi. Sunan ya bi shi har tsufa. An zuba masa gishiri a shayi, an ƙulle shi a ɗakin gawayi, an ɗinke masa hannun riga, kuma duk abin da aka yi masa shi ke fara dariya kafin kowa.

Ya daɗe a tsaye jikin shinge kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Ni ba na gaggauta mutum, sai na ci gaba da wakena. Ashe ya sayi kujera biyu a bas. Ta biyun ta Pani Regina ce, wato Malama Regina, wata bazawara da ta dawo garinmu da bazara don ta zauna kusa da 'yarta, ta kama lambu a gefen nasa. Ba ta san kowa ba, ba ta san masana'anta ba, ba ta taɓa jin sunan Murfi ba. Pan Teofil take ce masa, abin da babu wanda ya taɓa yi a garin nan. Ya warware hankici ya nuna mini zoben mahaifiyarsa. Ya ce a gidan yaƙi na ƙarshe zai tambaye ta, in rana ta yi sanyi.

Sai kuma ya ce ya je gidan Pan Edmund ya roƙe shi. Yini guda kawai ya nema, a bar sunan nan a gida.

Na tambaye shi me Edmund ya ce.

“Ya d-d-dafa ƙirji, Pani Cecylia. Ya rantse.”

Na ba shi wake cikin leda ya tafi.

Edmund ya cika alkawari, har ya wuce gona. Tun a bakin bas ya cire hula ya rusuna, ya ce a ba Pan Teofil da baƙuwarsa hanya. Duk inda aka tsaya sai ya tambayi ra'ayin Pan Teofil. Shin Pan Teofil ya ga kaurin bangon nan? Shin Pan Teofil zai ɗanɗana tsiren alade? Sauran suka kama, kowa Pan Teofil, Pan Teofil, suna cije leɓe. Shi kuwa sai murmushi yake, ya sa kwat ɗin jana'iza da ya yi masa kaɗan a kafaɗa, yana riƙe wa Regina jakarta.

Jagoranmu wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, Pan Oskar, ya yafa farar alkyabba a kan wandon jins. A babban gidan yaƙi na garin Malbork ya zaga da mu ɗakin cin abinci da ɗakin sulke, ya kai mu hasumiyar da barade ke zagawa, ya nuna mana inda suke ajiye ganyen kabeji don goge jiki. Nan aka yi ta shewa. Wata ta ce ashe mijinta jinin barade ne. Ni na tsaya baya ina karanta allunan jikin bango, don ban saba da sauri a karatu ba, kuma ba na son in bar layi a tsakiya.

A nan Regina ta same ni. Ƙafarta ta gaji, muka zauna a wani benci na dutse. Gajeruwa ce, mai tsabta, tana juyo da kunnen dama in ana mata magana. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Kunnen hagun ya mutu tun tana da cikin fari. Mijinta direban jirgin ƙasa ne, mutumin kirki a waje, kowa na yabonsa. Ta ce shekarun da ta yi da shi ta koyi gane yadda dare zai kasance daga yadda ya ajiye makulli a kan tebur.

Ta ɗaga kai tana duban Teofil can nesa, yana tsaye da jakarta a ƙirji kamar an ba shi jariri.

“Kin taɓa lura da yadda yake ajiye kofi?” ta ce. “Irin hannun nan, amma ba ki jin ƙara. Na sha kallonsa yana ɗaure tumatir. Ni ba kyau nake nema ba, Pani Cecylia, ba kuma magana ba. Na san yana da abin da yake so ya faɗa mini. In ya samu ya fitar da shi, ba zan ba shi wahala ba.”

Da la'asar muka isa gidan yaƙi na ƙarshe, wani ƙarami a kan tudu, rabinsa ya zube. An riga an ci abinci, an zaga da kwalbar giyar 'ya'yan itacen ceri ta Edmund fiye da sau ɗaya. A irin wannan yawo, kowa ya sani, da naɗin barde ake rufewa. Jagora kan zaɓi mutum ɗaya, galibi tsohuwar da ta fi kowa shekaru ko wanda ranar haihuwarsa ta zo, a yafa masa alkyabba, ya durƙusa, a dafa masa takobi a kafaɗa, a shafi kumatunsa da yatsu biyu, a ɗauki hoto, a ba shi takobin katako ya kai wa jika.

Pan Oskar yana cikin duba wanda zai zaɓa Edmund ya yi gyaran murya. Ya ce ƙungiya ta riga ta yanke shawara. Babu wanda ya cancanta kamar Pan Teofil.

Na dubi Teofil. Fuskarsa ta yi ja don daɗi. Ya miƙa wa Regina jakarta, ya gyara kwat, ya fito tsakiyar fili. Aka yafa masa alkyabbar, ta tsaya masa a gwiwa. Ya durƙusa a kan duwatsu da ƙyar, yana dafa ƙasa.

Pan Oskar ya ce sai ya maimaita rantsuwar barade a bayansa. Ba zan mallaki komai ba. Teofil ya fitar da wannan, a hankali. Zan yi biyayya ga na gaba da ni. Wannan ma ta fita. Sai ta uku: ba ni da mace, ba kuwa zan nema ba, ko fuskar mace ba zan ƙura wa ido ba.

Aka fara guna-gunin dariya. Wani ya ce kash, Pani Regina, an yi miki ƙwace. Teofil ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Ya sake gwadawa, haƙoransa suka fara kaɗawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai daga baya wani ya kwance murfin fulas ɗin shayi ya fara kaɗa shi a bakin fulas ɗin, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Wata ta ɗauki nata. Kafin ka ce me, fili ya cika da ƙarar murafu. Babu wanda ya ambaci sunan. Edmund yana tsaye da hannu a ƙirji, fuskarsa kamar a coci.

Pan Oskar bai gane abin da ake yi ba, amma ya ga ba lafiya, sai ya tsallake rantsuwar ya dafa masa takobi. Ya yi bayani da sauri cewa saura abu ɗaya: a zamanin da, ubangidan sabon barde yakan mare shi sau ɗaya, shi kuma ya haɗiye. Wannan shi ne mari na ƙarshe da zai sha a duniya bai rama ba. Ya ɗaga yatsunsa biyu zai shafa.

“Tsaya, ranka ya daɗe,” in ji Edmund. “Ubangidansa ka ce. Ai ga ni.”

Aka yi tafi. Jagoran ya yi ɗan jim, ya dubi wayoyin da aka ɗaga sama, sannan ya matsa gefe. Edmund ya naɗe hannun riga a tsanake, ya tofa yawu a tafinsa don a yi dariya, aka kuwa yi. Sannan ya kwaɗa masa mari na gaske. Ƙarar ta bugi bango ta dawo. Tabaran Teofil suka yi tsalle suka faɗi can gefe.

Wasu sun yi shiru, amma masu dariya sun fi yawa. Teofil ya nemi tashi, gwiwar ta ƙi. Ya yi ta lalube a ƙasa da alkyabba ta naɗe masa ƙafa, shatin yatsu na fitowa a kumatunsa, kuma bakinsa ya riga ya fara shirya dariyar nan tasa.

Regina ce ta ratsa mutane. Ta ɗauko tabaran, ta goge su da gefen mayafinta, ta sa masa da kanta. Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannunsa har ya miƙe. Ba ta dubi kowa ba.

“Zo mu tafi, Pan Teofil,” ta ce. “Akwai benci a waje. Na ga kamar kana da magana.”

Na ji ta da kunnena. Da sun fita a lokacin, da wani labarin nake ba ku. Pan Oskar ya cusa masa takobin katako a hannu yana ba da haƙuri ƙasa-ƙasa, suka juya, suka nufi ƙofa.

Edmund bai saba a bar shi a tsakiyar wasa ba. Ya bi su a baya da ɗan saurinsa na tsufa, ya yi ɗage, ya ƙwanƙwasa sanƙon Teofil da bayan yatsa, kamar mai duba ko tukunya ta tsage.

“To, barde, ga na biyu. Yaya za a yi ke nan, Murfi?”

Teofil ya tsaya. Ya sunkuya ya jingine takobin katakon a bango, a hankali, ba a ji ƙara ba. Ya juyo. Hannun da ya yi shekaru yana jefa gawayi a wuta ya tashi sau ɗaya.

Edmund ya zube a kan duwatsu. Sai a lokacin na ga yadda ya tsufa: ƙafafu sirara, farar safa, haƙoran roba sun zamo rabi waje, jini na bin gemunsa.

“An ce wancan ne na ƙarshe,” in ji Teofil. Ko sau ɗaya bai sarƙe ba.

Ya waiwaya yana neman Regina, fuskarsa a buɗe, kamar yaron da ya kawo sakamako mai kyau gida. Tana jikin bango. Ta dunƙule, ta rufe kunnen hagu da hannu biyu, idonta a rufe, jakarta a ƙasa.

Daga nan sai hayaniya. Waɗanda suka kaɗa murafu su ne suka fi kowa ɗaga murya. Dabba, suka ce. Tsoho mai ciwon zuciya. Ashe haka yake tun da can, shiru-shirun banza. Wasa ne fa, wa bai san wasa ba? Mata suka kewaye Edmund da hankici da ruwa. Pan Oskar ya zo ya karɓi alkyabbarsa daga kafaɗar Teofil ba tare da ya dube shi ba, ya ninke ta.

A hanyar dawowa Regina ta zauna a gaba, bayan direba, ita kaɗai. Edmund na tsakiya, an toshe masa hanci da auduga, kuma kafin mu tsallake gada ya warke har yana kwaikwayon yadda ya faɗi. Teofil ya zauna a kujerar ƙarshe. Na koma kusa da shi, don babu wanda zai zauna a wurin. Ya daɗe yana duban hannunsa a kan gwiwa.

Can ya tambaye ni ko Regina ta gani. Ko ta ga cewa wannan karon bai bari ba.

Na ce ta gani.

Ya gyaɗa kai. Ya ce to madalla, don mace ba ta son namijin da ake ƙwanƙwasa wa kai a gabanta. Ya ce bari ta huta, ta gaji ne, in an sauka zai yi mata magana. Na bar shi ya yi ta faɗa har muka shigo gari.

A dandalin coci aka sauke mu. 'Yar Regina na jiranta a mota. Teofil ya ratsa ta cikin mutane, suna darewa suna ba shi hanya, abin da ba su taɓa yi ba. Ya tsaya a gabanta ya kira sunanta. Ta ce ta gode da yau, Pan Teofil, tana duban maɓallin kwat ɗinsa. Sai ya sa hannu a aljihu zai ciro hankicin.

Ta ja da baya, kafaɗarta ta tashi ta kare kunne.

Ya tsaya haka, hannu a aljihu. Ta shiga mota, 'yarta ta ja. Mutane suka watse da ledojinsu da fulas-fulas ɗinsu, direba ya leƙo da takobin katakon, da aka ɗauko aka bari a bas, yana tambayar ko na wani ne. Har lokacin Teofil bai fitar da hannun ba.