Ƙofar da Rilwanu Ya Toshe

Ƙanena Rilwanu ya kai matarsa Salma asibiti a Indiya, ya dawo Tama shi kaɗai. Ya rame, ya rage magana, duk ban ga laifinsa ba. Abin da ya ƙona min rai zancen da ya kwaso can.

Wai mai masaukinsa ya tambaye shi ina ƙofar gidanmu ke kallo. Da ya ce kudu, mutumin ya dafe kai. Su a al'adarsu kudu mashigar mutuwa ce, gidan arziki gabas yake kallo ko arewa.

Na ce, "Rilwanu, ka ji tsoron Allah! Ajalin Salma ya yi, ina ruwan ƙofa?"

Ya ce, "Yaya, ɗiyata guda ta rage min. Ba ni zama in jira."

Na tuna masa da Inna. Mahaifiyarmu ta makance tun da daɗewa, ƙofar nan ita ce duniyarta. Da safe sai ta bi bango da hannu har zaure, ta zauna kan tabarma. Matan da ke gangarawa fadama su tsaya su gaishe ta, wannan ta aje mata albasa, waccan ta ba ta labarin wanda anka haifa. Da muryoyin nan take rayuwa.

Bai saurare ni ba. Ya kira maso, wato magini, anka toshe ƙofar da tubali, anka fasa wata ta gabas. Ita kuwa wani lungu ta buɗe wa, matsattse, tsakaninmu da katangar Gado maƙwabcinmu, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi.

Washegari na tarar da Inna tsaye gaban sabon bango, tana shafa ɗanyen yaɓe. Ta ce, "Zalika, ina anka kai hanya?"

Na ja ta zuwa ƙofar lungun, ta zauna yini guda, ba wanda ya gifta. Ba ta sake fita ba. Matan sun yi ta zagayowa da farko, amma mai tulu a ka ba ta shiga lungu kullum. Inna ta rage ci, ta rage tambaya. Kafin a yanke gero ta rasu.

Da anka gama sutura, maza sunka ɗauki makara sunka nufi ƙofar gabas. Ta ƙi juyawa. Sunka karkata, sunka ja baya, katangar Gado ta tare. Liman ya ce ba a wahalar da gawa haka. Anka kawo diga, anka fasa tubalin kudu, Inna ta fita ta inda ta saba zama.

Rilwanu na tsaye cikin ɓaraguzai yana hawaye. Na ɗauka ya gane. Sai ya matso ya ce min, ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko, Yaya? Ta nan dai mutuwa ke bi."

Ranar addu'ar uku ya sake kiran maso.