Firam ɗin Ikilima

"Umma, mu ba mu da hali ne?"

Ikilima ce ta yi mini wannan tambayar, 'yata ta biyu mai shekara tara, ko jakar makaranta ba ta sauke ba. Kuma a gaban surukata, Inna Uwaliya, wadda ta zo mana kwana biyu daga Garo. Inna ta ajiye ludayin fura. Ni kuwa na dubi abin da yarinyar ta rungume a ƙirji, ta juya fuskarsa ciki, nan take na san inda maganar ta fito.

Tun farkon zango Malama Sa'a, mai koya musu aikin hannu a makarantarsu nan Gwarzo, ta ce kowace yarinya ta samo yankin buhu da zaren ulu ta yi ɗinkin ƙirge, irin wanda ake bin ramukan buhun, zare ya gilma kan zare. Waɗanda suka yi kyau za a rataye su a bango ranar taron iyaye, kowace ta tsaya kusa da nata. Shekarar ƙaddamar da Shari'a ce, kowa yana taka-tsantsan, shi ya sa bayan Ikilima ta yi sati uku tana fitar da hoton zabuwa aka ce ban da abu mai rai. Ta zauna ta warware da bakin allura, ta soma rumbu biyu da giginya. Ulu ya yi tsada kamar komai, sai na kwance mata tsohuwar rigar sanyin babanta. Wata uku tana yi, har yatsanta ya yi kanta.

Da ta gama na kai wa Datti kafinta ya yanko firam na sabon katako, sumul, ban ga aibinsa ba. Sai ga Mahbub, ƙanin maigidana, ya zo hutun ƙarshen mako daga Kano inda yake aiki a shagon kayan ɗaki. Ya ɗaga firam ɗin ya yi dariya, wai matar Yaya har yanzu tana ƙauye. A cewarsa manyan mutane yanzu ba sa son abu ya yi kama da sabo, tsufar da shi ake yi da gangan. Ya shafa shuɗin fenti, ya goga kyandir a gefe-gefe, ya bi da fari. Da ya bushe ya sa sanfefa ya kankare har shuɗin ya leƙo, ya ɗauko tsohuwar sarƙar keke ya dinga dukan katakon, ya ƙara da huda shi da ƙusa.

Ina tsaye ina kallo. A gidana, ni da nake goge kwanon silba da toka don kada a ce ya tsufa, wani yana dukan sabon abu da sarƙa. Na ce masa, cikin wasa, kamar gara ta ci. Ya ce ai yabo ke nan. Maigidana ya ce in bar shi, shi ya san gari. Na yi shiru don kunya, kuma wannan shirun nake jin haushinsa fiye da komai.

Abin da ya faru a makaranta, da ƙyar na ciro shi daga bakin Ikilima. Malama ta karɓa, ta yaba ɗinkin, sannan ta ɗaga firam ɗin a gaban aji ta ce wannan a juji aka tsinto shi ko a kangon kaka? Ba za ta rataye shi iyaye su ce makaranta tana baje tarkace ba. In babu hali a gida, ai sai a faɗa, a taimaka. 'Yan aji suka yi ta dariya, wata ta yi mata tayin biredinta.

Inna ta ce Mahbub dai da niyyar alheri ya yi. Na zura hijabi na nufi gidan Malama.

"Malama, sabon katako ne. Ko da tsoho ne, a gaban yara za ki tambaye ta halin gidansu?"

"Ni abin da na gani na faɗa, Maman Ikilima. Wa zai lalata sabon abu da hannunsa?"

Na juya zan tafi. Ta ce in an gyara kafin gobe, ranar taron, za ta rataye.

Na dawo na cire ɗinkin na naɗe a ɗankwali. Na kwaɓa garin katako da gam na cike ramukan ƙusa, na samo ragowar koren fentin ƙofarmu na shafa sau biyu. Damina ce, washegari bai gama bushewa ba. Haka na mayar da ɗinkin ciki na kai shi makaranta da kaina, tafin hannuna duk kore, aka rataye shi na uku daga allo. Ya yi kyau, har wata mata daga Getso ta tambayi mai shi.

Mai shi tana can bayan aji, ta maƙale a jikin taga. Na yafito ta, ta girgiza kai. Malama ta kira sunanta sau biyu, ta ƙi tasowa. Kowace yarinya ta tsaya gefen aikinta iyaye suna sa albarka, gefen rumbunan nan babu kowa. Tun daga ranar ba ta sake neman allura ba, ko da na sayo mata sabon ulu ja.

Ke mai karatu, in 'yarki ta yi wata uku a kan abu, kada ki bar kowa ya gwada yayin birni a kansa, ko ƙanin miji ne, ko mijin ne da kansa. Ki buɗe baki tun sarƙar tana hannunsa. Shi zai hau mota ya koma Kano, ita ce za ta shiga aji da abin a hannu.