Sunan Mijin Saudatu

Farfaɗiya ta jefa ɗiyata Saudatu cikin murhu har ta ƙone hannu. Shekarar da gyaɗa ta yi albarka a Urafane, na sayar da tawa na kai ta wani asibiti a Dakar.

Likitan, wani Nasara, ya ce kafin ya yi mata aiki a ƙwaƙwalwa sai ya kwantar da rabin ƙwaƙwalwar da allura, ya ga ko ɗaya rabin zai iya magana da tuna abu. Tafintansa Danda ne, wani ɗan Tasawa mai karatun likita a can, wando ya matse shi kamar an ɗaure buhu.

Aka yi allurar. Danda ya ce, "Yaya sunan mijinki?" Ta yi shiru. "Ɗanki na fari fa?" Ta kau da kai. Nasara ya ce magana ta ɗauke, in ya yanka za ta zama bebiya.

Na ce, "Kai Danda, uwarka ta taɓa faɗin sunan ubanka? Gaya masa kunya ce. Ya tambaye ta sunan akuyarta ya ji."

"Baba, wannan ƙauyanci ne. Ba zan faɗa gaban malamina ba."

Kafin in gama zaginsa allurar ta sake ta, likita ya fita. Ba ni da Faransancin da zan bi shi da shi. Aka sallame mu ba a yi aikin ba.

Danda ya zo zai ɗaukar mini jaka. Na ce ya cire hannunsa daga kayan mutane.