Sawun Shwaiya

Ruwan da aka tafka a Dubai cikin Janairun 2020 ya jiƙa rairayin hamada, duk abin da ya taka sai ya bar alama. Da hantsi Halima Sa'adiya, likitar dabbobi a wani gandun bareyi da ke bayan gari, ta fita zagaye ta tarar an datse wayar shinge. Tayoyin mota sun shiga ciki, garken ya watse.

Ta bar motarta a bakin shingen don kada ta goge sawu. Ta rataya jakar magani, ta ɗauki gorar ruwa, ta bi da ƙafa.

A Rasha ta koyi bin sawu, lokacin karatu, wurin wani tsohon maharbi da ke raka ɗalibai daji. Kan dusar ƙanƙara yake bin manyan bareyin can da ƙafa, ba kare ba mota. Shi ya nuna mata bambancin takun dabbar da ke kiwo da na wadda ke gudun tsira, da yadda mai rauni take jan ƙafa.

Ta sunkuya ta karanta sawun. Motar ta ware barewa ɗaya daga garke, ta yi ta kewaya ta, tana tare mata gaba tana sake ta. Kofaton dama na baya yana da tsaga. Halima ta san shi, ita ta yi masa magani. Shwaiya ce, wato 'yar kaɗan da Larabci, wadda ma'aikata suka laƙaba wa sunan saboda ƙanƙantarta. Uwarta ta mutu wurin haihuwa, Halima ta raine ta da bulumboti. Yanzu kuma tana da tsohon ciki.

Gaba kaɗan tsallen ya gajarce. Sai wurin da taya ta hau kan sawun, rairayi ya tarwatse. Daga nan ƙafafun gaba ne kawai ke takawa, na baya ja suke yi.

Ta same ta a gindin wata bishiyar ƙaya, ƙugunta a karye, tana numfashi da kyar. Barewar ta ɗaga kai ta shinshini hannunta. Halima ta duba cikin, babu motsi.

Tana durƙushe ta ji gurnanin inji a bayan tudu. Ta hau ta leƙa. Wata farar jif ce ta kamfanin yawon hamada ta nutse har ciki, wani mutum yana tonon rairayi da hannu. Da ya ɗago, sai ta ga Badaru ne, ƙanin mijinta Musbahu. Ita ta roƙa masa wannan aikin direban, a falonta na unguwar Al Nahda ya kwana kafin ya samu ɗaki a unguwar Hor Al Anz.

"Anti! Alhamdu lillahi, Allah ne ya kawo ki," in ji shi, yana kakkaɓe hannu. "Ina motarki? Ki ɗan ja ni kafin masu gadi su zo."

"Me kake yi a nan ciki?"

"Baƙi ne suka matsa mini, wai suna son bidiyon barewa tana gudu. Abokin aikina ya zo ya kwashe su. Wallahi ban yi niyyar bugunta ba, ita ta juyo."

"Na bi sawunka, Badaru. Ba ita ta juyo ba."

Ya yi dariyar yaƙe. "Haba Anti, dabba ce fa. Ga su nan birjik."

Ta dube shi har ya daina dariyar. "Zo," ta ce.

Ta kai shi gindin bishiyar, ta sa shi ya durƙusa ya riƙe kan barewar a cinyarsa. Ya so ya kau da fuska, ta ce ya dube ta. Ta zuƙo allurar da za ta ƙarasa ta ba tare da wahala ba, ta yi mata, ta jira har numfashi ya tsaya, jikin ya saki.

"Ɗauke ta."

"In kai ta ina?"

"Asibitin gandu. Ta hanyar da ka koro ta za mu bi."

"Da ƙafa? Anti, in na kai ta, shi ke nan? Khalas, magana ta mutu tsakaninmu?"

"Ɗauki tukuna."

Ya saɓa ta a wuya, ƙafafunta suna reto a ƙirjinsa. Halima ta shige gaba tana bin sawun a juye. Ba ta yanke masa hanya ko sau ɗaya ba. Inda ya kewaya barewar da mota, ta sa shi ya kewaya da ƙafa. Rana ta ɗaga, rairayi ya fara turiri. Takalminsa na gayu ya cika da yashi, ya cire ya yar. Jini ya ɓata masa farar rigar aiki.

"Ruwa, Anti, don Allah."

Ta ba shi kurɓi ɗaya ta karɓe gorar. "Yalla, mu je. Ita da ciki ta yi wannan gudun."

Ya faɗi a gangaren wani tudu, ya fashe da kuka, yana kiran sunan Hajiyarsu a Kano da yarinyar da aka sa musu rana. Ta tsaya a kansa har ya tashi ya sake ɗauka. Suka wuce motarta a bakin shinge, ya dube ta cike da fata, ba ta ko waiwaya ba.

Sai kusan azahar suka isa. Shugaban masu gadi ya fito da gudu yana tambaya. Badaru ya sauke gawar, ya yi saurin cewa tsintar ta ya yi, ya taimaka wa likita.

"Shi ya datse shinge, shi ya buge ta," in ji Halima. "Motarsa tana can a maƙale. Ku kira 'yan sanda."

"Anti! Kin ce..."

"Ban ce maka komai ba."

Da la'asar Musbahu ya same ta a harabar ofishin 'yan sanda, ko rigar aiki bai cire ba. Ya ja ta gefe.

"Sa'adiya, ƙanina ne. Za su soke masa biza. Ki shiga ki ce ba ki tabbata ba, mota ce ta kafe masa kawai. Me zan gaya wa Hajiya?"

"Ka gaya mata abin da ya yi, Abban Muhsinat."

"A kan barewa za ki raba ni da ɗan'uwana?"

"Na farke cikinta ɗazu. Ɗan ya gama haɗuwa, har gashi ya fito."

Ya saki hannunta. Aka kira sunanta, ta shiga ta maimaita bayaninta ba ragi.

Kamfanin ya kori Badaru, aka ci shi tara, kafin azumi ya koma gida. Hajiya ta daina ɗaukar wayar Halima, aka kuma cire ta daga zauren dangi na waya. Musbahu ya ɗauki lokaci yana cin abincinsa a waje, daga baya ya dawo ci a gida, amma sunan Badaru bai ƙara shiga tsakaninsu ba. Da bikin Badaru ya zo, shi kaɗai ya tafi Kano da 'yarsu Muhsinat. Halima ta kai su filin jirgi, ta gyara wa yarinyar ɗankwali, ta juya mota ta wuce wurin aiki.